Tafiya da Iyali Zuwa Hasumiyar Fitila a Bakin Tafki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ke shirin ɗaukar iyali a mota ya kai su kallon hasumiyar fitila, wato dogon gini mai haske a samansa da ke yi wa jiragen ruwa jagora da dare, ya riƙe abu ɗaya a ransa: waɗanda suka gina ta ba don kyan wuri suka zaɓi inda take ba. Sun zaɓe shi ne don nan ne jirage ke halaka. Wuri ne na iska da duwatsu da ruwa mai saurin sauya hali, kuma sau da yawa can ƙurya yake, nesa da babban titi. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Tambaya: Tafki ma har da hasumiyar fitila? Ba a bakin teku ake gina su ba?

Amsa: Akwai tafkunan da idan ka tsaya a wannan gaɓa ba za ka hango waccan ba. Tafkin Superior, tsakanin Amurka da Kanada, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 82,000, kuma manyan jiragen dakon tama da hatsi na ratsa shi. Jihar Mishigan ba ta taɓa teku ba, amma ta fi kowace jihar Amurka yawan hasumiyoyin fitila, sama da 120. A Jamus akwai ta garin Lindau a Tafkin Konstans, wadda aka gama a 1856, mai tsawon mita 33, har da agogo a jikinta. A Rasha akwai dogaye a gaɓar Tafkin Ladoga.

Haɗarin tafki kuwa ba wasa ba ne. A ƙarshen Nuwamba 1905 wata guguwa a Superior ta lalata ko ta nutsar da jirage 29, kuma ita ce ta sa aka gina hasumiyar Split Rock a jihar Minesota, aka kunna ta a 1910. Duwatsun wannan gaɓa na ɗauke da ƙarfe, sai ya riƙa karkatar da allurar kamfas, matuƙi na tsammanin yana tsakiyar ruwa alhali ya doshi dutse. A ranar 10 ga Nuwamba 1975 jirgin Edmund Fitzgerald, mai tsawon sama da mita 200, ya nutse a wannan tafki da dukan mutum 29 da ke cikinsa. Ku ba yara irin wannan labari tun a mota. Wanda ya san dalilin gini, kallon da zai yi masa daban ne.

Tambaya: Wane nisa ne ya dace da tafiyar yini ɗaya?

Amsa: A ganina, idan zuwa kaɗai ya wuce awa uku, to tafiyar ta tashi daga ta yini ta koma ta kwana. Ku lissafa da kanku: awa uku zuwa, awa uku dawowa, ga tsaye-tsaye a hanya, me ya rage na kallo? Kuma lokacin da taswirar waya ta nuna muku, na direban da ba shi da yara ne. Ku ƙara masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu.

Ƙarshen hanyar ne ke cin lokaci. Kilomita goma na ƙarshe kan zama siririyar hanya mai lanƙwasa, wani lokaci ta tsakuwa, bayan an ajiye mota kuma a taka da ƙafa. Split Rock kanta ta yi shekara 14 babu titin mota kusa da ita. Ta ruwa ake kawo kaya, da farko a janyo su sama da injin ɗaga kaya, sai a 1924 aka yi titi. Daga nan ne iyalai suka fara tururuwa a motoci, masu kula da fitilar suka wayi gari suna aiki biyu, dare kula da wuta, rana zagayawa da baƙi.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa?

Amsa: Ku tashi da sassafe. A yawancin gaɓoɓi iska ta fi lafawa da safe, ta ƙaru bayan rana ta take, hadari ma ya fi haɗuwa da yamma a lokacin zafi. Da safe kuma babu cunkoso a matakala.

A ƙasashen sanyi da yawa daga cikin hasumiyoyin da bazara kaɗai ake buɗe su, galibi daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A sauran watanni za ku ga ginin daga waje, ƙofa a rufe.

Tambaya: Me ya kamata mu bincika kafin mu kama hanya?

Amsa: Ku kira waya ko ku duba shafin masu kula da wurin a ranar da za ku tafi, kada ku dogara da abin da wani ya rubuta bara. Ku tambaya ko ana hawa sama a ranar, ko ana karɓar tikiti tun kafin a zo, ko akwai iyakar tsayi ga yara, ko akwai banɗaki da ruwan sha, da kuma nisan da ke tsakanin wurin ajiye mota da hasumiyar. Wurare da dama 'yan sa-kai ne ke riƙe da su, ranar da babu mai buɗewa to babu shiga.

Ba kowace ake shiga ba ma. Ta Gibraltar Point a tsibiran Toronto na Kanada, wadda aka gina a 1808 kuma ita ce mafi tsufa da ta rage a tsaye a manyan tafkunan Arewacin Amurka, a kulle take yawancin lokaci. Yashi ya taru a gabanta shekara da shekaru har ta koma cikin itatuwa, nesa da ruwan da aka gina ta dominsa, kuma sai an shiga jirgin fito ake isa tsibirin. Wanda ya yi wa yara alkawarin hawa bai bincika ba, shi zai sha rarrashi.

Ku sauke taswirar a waya tun kuna gida, don sabis kan ɗauke a irin waɗannan wurare. Hasashen yanayin da za ku duba kuma na bakin tafkin ne, musamman ƙarfin iska, ba na inda kuka taso ba.

Tambaya: Ita motar fa?

Amsa: Taya da safaya da jak, birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu da waifa. Ku cika tanki a gari na ƙarshe, kada ku ce sai gaba. Kowa ya ɗaura bel, ƙananan yara a kujerarsu ta musamman a baya. A tsaya a miƙe ƙafa na minti 15 duk bayan awa biyu, jariri kuma a fito da shi daga kujerarsa a wannan tsayawa. Kada a bar yaro shi kaɗai a cikin mota ko da na minti biyar ne, ko da gilashi a ɗan buɗe, domin zafi na taruwa a mota da sauri ko a ranar da ba a jin rana.

Tambaya: Ɗiyata na amai duk lokacin da muka yi doguwar tafiya. Mu haƙura?

Amsa: A'a. Abin ya fi damun yara daga shekara 2 zuwa 12, kuma yawanci yana raguwa da girma. Yana faruwa ne idan ido ya ce ana zaune wuri ɗaya, cikin kunne kuma ya ce ana motsi. Saboda haka a karɓe waya da littafi, a zaunar da ita a tsakiyar kujerar baya inda za ta riƙa hango titi ta gaba, a ɗan sauke gilashi iska ta shigo. Ta ci abu kaɗan mara maiƙo kafin a tashi, kada ta fita da yunwa, kada kuma ta cika ciki. Direba ya sassauta a lanƙwasa, ya daina taka birki da totur ba tsari. Ku ajiye leda da tsumma da kayan canji kusa da hannu, ba a ƙarƙashin kaya a but ba. Idan za a ba ta magani, a tambayi likita ko mai harhaɗa magani tukuna, domin wasu ba a ba ƙananan yara, kuma kafin a tashi ake sha, ba bayan zuciya ta fara tashi ba.

Tambaya: Yara da tsofaffi za su iya hawa har sama?

Amsa: Ya danganta da hasumiyar. Ta Marblehead a jihar Ohayo, a bakin Tafkin Erie, wadda ke aiki tun 1822, matakala 77 gare ta. Ta Lindau 139. Yawan ba shi ne matsala ba, yanayin matakalar ne. Murɗaɗɗiya ce, kowane taki faɗinsa na can gefen bango, wajen tsakiya kuma ya tsuke har bai ɗaukar tafin ƙafa. A wasu ƙarfe ne mai huji-huji, kana hawa kana ganin ƙasa ta ƙarƙashin takalminka. Ƙarshenta kan zama tsani miƙaƙƙe da ƙaramar ƙofa a saman kai, sai ka sunkuya ka zura jiki. Mutum ɗaya aka gina wa ita, mai hawa da garwar mai a hannu.

Shi ya sa wurare da yawa ba sa barin yaron da bai kai wani tsayi ba, galibi wajen santimita 107, kuma ba sa yarda a hau da jariri a hannu ko a goye. Kada ku yi gardama da mai tsaron ƙofa a kan wannan, gaskiya ce da shi. Idan an yarda, babba ya bi bayan yaro wajen hawa, ya shiga gabansa wajen sauka. Saukar ta fi hawan wuya, a nan gwiwa ke rawa. A sa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifas, doguwar tufa kuma a tattare ta sosai.

Mai ciwon zuciya, mai ciwon gwiwa, mai tsohon ciki da mai yawan jiri, su zauna ƙasa, ba su yi asarar komai ba. Yaron da ya kai rabi ya ce tsoro yake ji, a sauko da shi, ban da tsiya, ban da cewa ga ƙanenka ma ya hau.

Tambaya: Idan mun hau, me za mu gani banda ruwa?

Amsa: Ku nemi gilashin. Ni dai shi ne abin da ya fi cancantar tafiyar. Kafin ƙarni na 19 yawancin hasken fitilar watsewa yake yi sama da ƙasa a banza. Wani injiniyan Faransa, Augustin Fresnel, ya tsara gilashi mai zobba-zobba a jere, kowane zobe an yanka shi a kusurwar da za ta lanƙwasa haske ta miƙa shi gaba, sai hasken ƙaramar wuta ya haɗu ya zama tsinke ɗaya mai tafiya kilomitoci. An fara kunna irinsa a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. An kasa su aji-aji, aji na ɗaya shi ne mafi girma, ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, har ana shiga cikinsa a tsaya. A tafkuna an fi samun matsakaita da ƙanana.

Ku matsa kusa, amma kada ku taɓa, maiƙon yatsa na ɓata shi. Za ku ga gilashin ya ɗan yi kore-kore, a kama shi da jan ƙarfe mai sheƙi, idan rana ta ratsa shi launuka su zuba a bango. Idan ka leƙa ta tsakiyarsa sai ka ga tafki da sama sun kife.

A Split Rock gilashin na shawagi ne a kan kwanon zaiba, don haka duk nauyinsa ɗan turi kaɗan ke juya shi. Wani nauyi ne da aka rataye da igiya a tsakiyar hasumiyar ke sauka a hankali yana juya shi, mai kula da fitila kuma ya riƙa naɗe shi sama duk bayan wajen awa biyu, har gari ya waye. Da safe ga goge baƙin hayaƙi daga gilashi, ga cika kananzir, ga rubuta yanayin ruwa a littafi. Idan hazo ya sauka fitila ba ta da amfani, sai a tada injin jiniya ta yi ta kuka, iyalin gidan su kwana da ita a kunne. Idan an mayar da gidan mai kula da fitilar gidan tarihi, ku shiga. Yara sun fi daɗewa a gaban gado da murhu da kayan wasan yaran da suka rayu a wurin fiye da a gaban allon bayani.

Tambaya: Yarana ba sa jimirin kallon abu ɗaya. Yaya zan riƙe hankalinsu?

Amsa: Ku ba su aiki. Su ƙirga matakala su gani ko lissafinsu zai zo ɗaya. A ƙasa ku tambaye su iya ina suke hangowa. Yaron da ke tsaye a bakin ruwa ba ya ganin abin da ya wuce kilomita huɗu zuwa biyar a kan ruwan, saboda duniya a lanƙwashe take. Daga tsayin mita 30 kuwa hangen ya kai kusan kilomita 20. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaga fitilar sama, kuma shi ya sa hasumiyar da ke kan tsauni ba ta bukatar tsawo: ta Split Rock mita 16 ce kawai, amma tana kan dutse mai kusan mita 40. Idan da madubin hangen nesa, su nemi jirgin da ke can nesa, za su ga samansa kafin gindinsa.

Kowace hasumiya kuma da salon ƙiftawarta, wata sau ɗaya duk bayan daƙiƙa kaɗan, wata biyu-biyu, wata ja, wata kore, don matuƙi ya gane wacce yake gani da dare. Da rana fentin jikinta ne shaidarta. Su nemo salon wadda kuka zo.

Tambaya: Hasumiyar na can ƙarshen wata doguwar katanga a cikin ruwa. Za mu iya takawa mu je?

Amsa: Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Katangar an yi ta ne don ta tare igiyar ruwa, ba don yawo ba, shi ya sa galibi ba ta da abin dafawa. Ku tsaya a gaɓa ku kalle ta na ɗan lokaci kafin ku hau. Idan kun ga samanta a jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba, to igiya ce ke haurawa, kuma za ta sake. Ku fasa. Igiyar da ba ta wuce gwiwa ba ta isa ta share babba, balle yaro, ga gansakuka mai santsi. Igiyar tafki ta fi ta teku zuwa kusa da kusa, wanda ya faɗi kafin ya miƙe wata ta iso.

Idan ruwa a kwance yake kuma an yarda a hau, kowane yaro da babban da ke riƙe da hannunsa, a bi tsakiya, kada a juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto. Ku lura da inda aka rataye robar ceto tun kuna shiga. Idan wani ya faɗa, a jefa masa abin da ke shawagi a kira taimako. Masu faɗawa ceto ba shiri su ne kan zama gawa ta biyu.

Tambaya: To wanka fa?

Amsa: Ba a kusa da hasumiya ko katangar ba. A jikin irin waɗannan gine-gine ruwa kan yi wata hanya mai ja zuwa tsakiya, ko gwani ba ya iya yi mata gardama. Wanda ta ɗauka, ya daina kokawa da ita, ya kwanta rigingine ya sha iska, sannan ya yi iyo ta gefe har ya fita daga cikinta.

Ruwan tafki mai zurfi kan yi sanyi ƙwarai ko da tsakiyar bazara. Faɗawa ruwan da bai kai digiri 15 ba na sa mutum jan numfashi ba da saninsa ba, idan kansa na ƙarƙashi ruwa zai shaƙa. Ruwan daɗi kuma bai kai na gishiri ɗaga jiki ba. A tafkunan ƙasashe masu zafi damuwar daban ce: tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ke da dodon koɗi, a wasu kuma kada da dorina. Idan yara sun nace, ku nemi wurin da aka keɓe don wanka mai masu ceto, ku sa musu rigar da ke hana nitsewa, babba ɗaya kuma ya ajiye waya ya zuba musu ido.

Tambaya: Idan hadari ya taso muna can?

Amsa: Hasumiya ce abu mafi tsawo a wurin, don haka da jin tsawa a sauko, a bar katanga da bakin ruwa, a shiga gini ko mota a rufe gilashi. Ƙarƙashin itace ba mafaka ba ne. Ku ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙararta, kowace uku kilomita ɗaya ke nan. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fito.

Tambaya: Me za mu ɗauka?

Amsa: Rigar sanyi ga kowa ko da kun baro gida ana zafi, domin iskar bakin tafki daban ce, ta saman hasumiya kuma ta fi. Ruwan sha fiye da yadda kuke zato, guzuri, maganin shafawa na sauro da ƙudaje masu cizo, tocila, ɗan akwatin magani, da ledar da za ku kwashe shararku. Hular da ba ta da igiya, a riƙe ta a hannu idan an fita barandar sama.

Tambaya: Har yanzu ana amfani da su, ko tarihi ne kawai?

Amsa: Duka biyun. Rada da sauran na'urorin zamani, daga baya kuma GPS, sun rage dogaro da su, aka kashe wasu, kamar Split Rock a 1969. Da yawa kuma suna nan suna aiki, sai dai babu mai kwana a ciki, ƙaramar fitilar lantarki ce ke kunna kanta idan duhu ya yi, wasu da hasken rana suke caji. Masu ƙananan jirage da masunta na amfana da su, kuma ranar da na'ura ta mutu ido ake komawa. Split Rock ma ana kunna ta duk 10 ga Nuwamba, a karanta sunayen mutum 29 ɗin nan na jirgin Edmund Fitzgerald ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Muna so mu ga fitilar a kunne. Mu jira dare?

Amsa: Idan za ku kwana kusa, ku jira, ya cancanta. Daga ɗan nesa aka fi ganin tsinken hasken yana shara a kan ruwa, a gindinta ta saman kai yake wucewa. Ku fara tambayar lokacin da ake rufe ƙofar shiga, kada a kulle motarku a ciki. Wasu wuraren ma sun mayar da gidan mai kula da fitila masauki, amma ɗakunan kaɗan ne, sai an kama tun da wuri, wasu kuma ba sa karɓar ƙananan yara.

Idan a ranar za ku koma kuma direba ɗaya ne, ban ba ku shawara ba. Mutumin da ya tashi da asuba, ya yini cikin iska da rana, ya hau matakala, ga siririyar hanyar da bai sani ba, ga dabbobi na tsallaka titi da almuru, kowa a motar kuma ya yi barci ya bar shi, bai kamata a ɗora masa tuƙin dare ba. Ku tashi da sauran rana yadda za ku hau babban titi kafin duhu. Idan ya fara hamma ko ya ga ya manta kilomitocin da ya wuce, ya nemi wuri mai aminci ya tsaya ya runtsa na minti 20, sannan a ci gaba.